Gangar jiki a nan, hankali a can: Mene ne horon halarto da hankali, kuma ina amfaninsa ya tsaya?

Akwai abin da kusan kowa ya taɓa yi, ko da bai san sunansa ba. Ka taso daga wurin aiki, ka kama hanya, sai kawai ka gan ka a ƙofar gida, ba ka iya tuna yadda ka ratso unguwannin da ke tsakani ba. Ko ka cinye kwanon abinci tas, a tambaye ka ko gishiri ya ji, ka rasa amsa. Ko ɗanka ya tsaya yana ba ka labarin makaranta, kana ta gyaɗa kai, alhali kana can kana lissafin kuɗin haya da abin da za ka aika gida ƙarshen wata.

Hausawa sun daɗe da cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne yawan lokacin da hankalin ke yi ba ya gida.

A shekarar 2010, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun gwada auna wannan. Sun ƙirƙiri manhaja a wayar iPhone wadda kan taɓa mutum ba zato, ta tambaye shi abin da yake yi a daidai lokacin, da yadda yake ji a ransa, da kuma ko tunaninsa yana kan abin da ke gabansa. Amsoshin mutum 2,250 da suka wallafa a mujallar Science sun nuna cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka taɓa su, tunaninsu yana wani wuri dabam. Sun kuma gano cewa mutane sun fi jin rashin daɗi idan tunani ya tafi yawo. Ko da wuri mai daɗi ya je, bai ƙara wa mai shi farin ciki fiye da wanda ke tare da aikin hannunsa ba.

Wannan ɗabi'a ta zuciya, ta sulalewa ta bar mai ita a tsaye, ita ce abin da wani horo da ya bazu a asibitoci da makarantu da ofisoshin ƙasashen Yamma yake ƙoƙarin shawo kanta. Da Ingilishi ana kiransa "mindfulness". A wannan maƙala za mu kira shi halarto da hankali, aro daga maganar malamai ta halarto da zuciya, domin ita ce ta fi kusa da abin da ake nufi: mutum ya dawo da hankalinsa da gangan kan abin da ke faruwa yanzu, a jikinsa da ransa da kewayensa, ya dube shi yadda yake, ba tare da gaggawar yanke masa hukuncin kyau ko muni ba.

Sau da yawa akan fassara irin wannan horo da "zuzzurfan tunani". Fassarar tana da cikas. Idan Bahaushe ya ce tunani ya yi wa wance yawa, ba yabo yake yi ba. Yana nufin damuwa ta kama ta, ta zabga tagumi, tana ramewa. Wanda aka ce wa zuzzurfan tunani magani ne zai iya cewa ai shi ne ma ciwon, kuma yana da gaskiya. Abin da ake koyarwa a nan shi ne gane lokacin da tunani ya ɗauke ka, da kuma yadda za ka dawo.

Daga ina ya samo asali?

Tushensa na addinin Buddha ne, kuma babu amfanin ɓoye wannan. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin littattafan addinin da shi, akwai kalmar "sati", mai asalin ma'anar tunawa, wato mutum ya riƙa tuna inda yake da abin da yake yi. Wani Bature ɗan Birtaniya, T. W. Rhys Davids, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a tsibirin da yanzu ake kira Sri Lanka, shi ne ya fassara ta da kalmar Ingilishin da ake amfani da ita yau, a shekarar 1881.

Kusan ƙarni guda bayan haka ne abin ya fita daga hannun masu nazarin tsofaffin littattafai. Wani malamin addinin Buddha ɗan ƙasar Vietnam, Thich Nhat Hanh, wanda yaƙin ƙasarsa ya raba da gida, ya kafa cibiya a kudu maso yammacin Faransa a 1982. Ya yi suna wajen koyar da cewa ba sai an shiga kogo ba: wankin kwanoni ma wurin horo ne, idan mai wankin yana tare da kwanon da ruwan, bai yi gaba zuwa shayin da zai sha bayan ya gama ba. Ya rasu a watan Janairun 2022 yana da shekara 95.

Amma mutumin da ya shigar da horon asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, Ba'amurke wanda ya yi digirin digirgir a fannin ƙwayoyin halitta a jami'ar MIT, ya kuma yi zaman koyo a gaban malaman Buddha. A 1979 ya buɗe wani ɗan sashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts da ke birnin Worcester. Likitoci suka riƙa turo masa marasa lafiyar da magani ya kai iyakarsa a kansu: masu ciwon baya na shekaru, masu ciwon kai da ba ya jin allura, masu cututtukan da sai dai a zauna da su. Ya cire kalmomin addini daga cikin darussan, ya tsara su mako takwas. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin sa'a biyu da rabi, akwai yini guda na zaman shiru, sannan kowa yana da aikin gida na minti 45 a kullum. Wannan tsari, wanda aka fi sani da MBSR a taƙaice, shi ne uban kusan duk abin da ya biyo baya.

Yadda ake yin sa, da inda masu farawa ke karaya

Darasin farko a tsarin Kabat-Zinn yakan ba sababbin ɗalibai dariya. Ana miƙa wa kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya, a ce kada ya ci tukuna. Ya dube ta kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya juya ta a yatsu, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya lura da yadda yawu ke taruwa, sannan ya tauna a hankali. Abin da aka saba watsawa a baki da cikin hannu sai ya ɗauki mintuna. Wanda ya taɓa buɗe baki da dabino bayan doguwar rana ta azumi ya san bambancin wannan dabino da wanda ake ci ana kallon talabijin. Dabinon ɗaya ne. Mai cin ne ya halarta.

Ginshiƙin horon kuwa zama ne. A kan kujera ko tabarma, baya a miƙe amma ba a sandare ba, ido a rufe ko a sunkuyar da shi ƙasa. Sai a zaɓi abu guda da za a ɗora hankali a kai, galibi numfashi, tunda shi ba ya rabuwa da mai rai. Ba a jan sa da ƙarfi, ba a gyara shi. Ana lura ne kawai da yadda iska ke shiga hanci da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko yadda ciki ke tasowa yana komawa.

Numfashi uku ko huɗu, hankali ya tsere. Ka tuna saƙon da ba ka amsa ba a WhatsApp. Daga nan ka tuna wanda ya aiko shi, daga nan bikin da kuka haɗu bara, daga nan bashin da bikin ya bar maka. Minti biyu sun wuce, kana can Kumasi ko Damagaram, alhali jikinka na zaune a ɗaki a Landan.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke ajiye abin. Sukan ce su kam ba za su iya ba, kansu ba ya yin shiru. Kuskuren fahimta ne da ya fi kowane yaɗuwa, kuma hotunan da ake tallata horon da su, na mutane a bakin teku fuska fayau kamar ba su da bashi, sun ƙara ƙarfafa shi. Babu wanda kansa ke yin shiru, har da waɗanda suka shekara talatin suna yi. Abin da masu koyarwa ke nanatawa shi ne, wannan daƙiƙa da ka farga cewa ka tafi, ita ce horon. Ka lura inda tunanin ya je, ka dawo da shi kan numfashi, ba zagin kai, ba jin haushi. Zai sake tafiya, ka sake dawo da shi. Idan sau hamsin ya tafi cikin minti goma kuma sau hamsin ka dawo da shi, to sau hamsin ka motsa abin da ake son ƙarfafawa.

Makiyayi ba ya sa ran wata rana tumaki za su daina ratsewa. Aikinsa ya gani da wuri, ya kaɗo wadda ta ratse cikin garke ba tare da ya karya mata ƙafa ba. Gwanintarsa tana cikin saurin gani da sauƙin hannu.

Akwai wasu hanyoyin banda zama. Ɗaya ita ce bin jiki gaɓa-gaɓa: mutum ya kwanta, ya fara daga yatsun ƙafa zuwa tsakar ka, yana lura da abin da ke kowane wuri, ko zafi, ko nauyi, ko ƙaiƙayi, ko ma babu komai. Wata kuma tafiya ce a sannu, hankali na kan ɗagawa da saukar ƙafa. Sauran duk a cikin hidimar yau da kullum suke: yayin wanka, yayin jiran mota, yayin sauraron wanda ke yi maka magana ba tare da kana shirya amsa a zuci ba. Ni kaina, da na shafe shekaru a gaban makirfo, na san ana iya karanta sakin layi guda cur na labaran duniya, murya daram, babu tuntuɓen harshe, amma a tambaye ka me ka karanta ka yi zuru, domin hankalin yana kan agogon bango.

Me ya sa zuciya ba ta zama?

Ba lalaci ba ne, haka aka gina ƙwaƙwalwa. A 2001, Marcus Raichle da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun bayyana cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da kan ƙara himma daidai lokacin da mutum ba ya yin wani aiki na musamman. Binciken da ya biyo baya ya danganta su da tuna abin da ya wuce, da hasashen gobe, da tunanin abin da mutane ke ɗaukar ka. Aiki ne mai amfani. Da shi manomi ke tanadin iri, da shi ɗan kasuwa ke tuna wanda ya cuce shi. Matsala tana zuwa ne idan injin ya ƙi tsayawa.

Zama da shi kuwa ba sauƙi. A 2014, Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti goma sha biyar, babu waya, babu littafi, sai wani maɓalli da ke jan mutum da lantarki idan ya danna. Dukansu sun ɗanɗana jan tun farko, kuma waɗanda aka ƙidaya sun ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake yi musu. Duk da haka, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna da hannunsu. Sun gwammace zafin lantarki da zaman kaɗaici da tunaninsu. Wanda ya lura da yadda hannunsa ke zuwa aljihu neman waya da zarar layi ya tsaya ba zai yi mamaki sosai ba.

Inda aka fi ganin amfaninsa

Tsofaffin littattafan Buddha suna da misalin mutumin da aka harba da kibiya biyu. Ta farko ita ce ciwon kansa. Ta biyu kuma ita ce wadda mutum ke ƙara wa kansa: me ya sa ni, wannan ba zai warke ba, na zama kaya ga iyalina. Kabat-Zinn bai yi wa marasa lafiyarsa alƙawarin zare ta farko ba. A kan ta biyun ya yi aiki.

Wannan tunani ne ya ja hankalin wasu masana uku, Zindel Segal a Toronto ta Kanada, da Mark Williams da John Teasdale a Birtaniya, waɗanda ke neman hanyar hana ciwon tsananin damuwa dawowa. Ciwo ne mai yawan komowa: wanda ya yi fama da shi sau biyu ko uku, ya fi zama cikin haɗarin sake faɗawa. Sun lura cewa ga irin waɗannan mutane, ɗan ɓacin rai na yau da kullum ya isa ya kunna tsohon zancen zuci. Mutum ya wayi gari jiki ba ƙwari, sai ya fara tambayar kansa me ke damunsa, daga nan ya koma tsofaffin kurakurai, ya yi ta saƙa da warwara har ya nutse.

Suka haɗa tsarin mako takwas ɗin da dabarun likitocin ƙwaƙwalwa, suka fitar da wanda ake kira MBCT. Abin da ake koya wa majinyaci a ciki ƙarami ne a baki, babba a aikace. Maimakon ya ce "ba ni da amfani", ya koyi cewa "ga tunanin nan na cewa ba ni da amfani ya sake zuwa". A maganar farko mutum yana cikin kogin. A ta biyu yana bakin gaɓa yana kallon ruwan na wucewa. Tunanin bai ɓace ba, amma ya koma baƙon da aka san fuskarsa, wanda ba dole a shimfiɗa masa tabarma ba.

Gwajin da suka wallafa a shekarar 2000, kan mutum 145, ya nuna cewa ga waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, komowarsa ta ragu da kusan rabi. Ga waɗanda sau biyu kawai suka yi, ba a ga wannan amfani ba. A 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sanya tsarin cikin abubuwan da take ba da shawara a kansu. A 2015 kuma wani gwaji da Willem Kuyken ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta wallafa, ya bi mutum 424 tsawon shekara biyu. Ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka yi horon, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani. Wato bai fi magani ba, amma ya tsaya kusa da shi, abin da ke da muhimmanci ga wanda ba ya son ya dawwama kan ƙwayoyi.

Haka aka gani a ɓangaren ciwon fargaba. Binciken da Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta jagoranta, wanda ya fito a ƙarshen 2022, ya kwatanta mako takwas na horon da maganin escitalopram a tsakanin mutum 276, kuma sakamakon ɓangarorin biyu ya zo kusan daidai.

Ya kamata a lura da wani abu a nan. Duk waɗannan sakamako na cikakken tsari ne, da ƙwararren mai koyarwa, da aikin gida na kullum. Babu wanda ya ce a jingine maganin likita a koma sauraron manhaja minti biyar kafin barci.

Inda ƙurar ta fi ruwan

Da abu ya samu kasuwa, sai a mayar da shi maganin a-sha-a-shafa. Manhajoji irin su Headspace da Calm sun tara miliyoyin masu biya. Manyan kamfanoni sun buɗe wa ma'aikata azuzuwa. 'Yan majalisar dokokin Birtaniya sun fitar da rahoto a 2015 suna neman a faɗaɗa shi a asibitoci da makarantu da gidajen yari. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Disamba don irin wannan horo na natsuwa.

Binciken bai yi gudun da tallan ya yi ba. A 2014 wata tawaga daga Jami'ar Johns Hopkins ta tace dubban rubuce-rubuce, ta tsaya kan gwaje-gwaje 47 da suka cika sharuɗɗa. Ta samu hujja mai matsakaicin ƙarfi cewa horon yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗi, amma ba ta samu hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ko sauran hanyoyin jinya ba. Labarin da jaridu suka yi ta yayatawa cewa mako takwas na sauya tsarin ƙwaƙwalwa ma ya gamu da cikas: a 2022 masu bincike a Jami'ar Wisconsin, waɗanda su kansu masu sha'awar horon ne, sun gwada a kan mutum sama da 200, ba su ga sauyin ba.

Babban darasi ya zo daga makarantu. Wani gagarumin bincike a Birtaniya mai suna MYRIAD ya bi ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu 84. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa darussan halarto da hankali ba su fi darussan da aka saba yi ba wajen kare lafiyar ƙwaƙwalwar yaran. Mafi yawansu ba su yi aikin gidan ba, da yawa kuma sun ce abin ya gundure su. Waɗanda suka gudanar da binciken, ciki har da Williams da Kuyken, su ne suka fito suka faɗi haka da bakinsu, kuma sun cancanci yabo a kan wannan. A iya kai doki rafi, amma shan ruwa nasa ne.

Akwai kuma waɗanda yake cutarwa. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana tattara bayanan mutanen da zaman ya jawo wa ƙarin fargaba, ko rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, ko dawowar mugun abin da ya taɓa samunsu. Ga wanda ya tsira daga hari ko fyaɗe ko hatsari, rufe ido da zama shiru na iya zama buɗe ƙofar da ya daɗe yana tokarewa. Irin wannan mutum yana buƙatar ƙwararre a kusa. Kuma duk wanda ya ga zaman yana ƙara dagula masa rai, ya dakata, ya nemi likita.

Wani sukan kuma na siyasa ne. Ronald Purser, farfesa a San Francisco kuma mabiyin addinin Buddha, ya wallafa littafi a 2019 mai suna McMindfulness, yana kwatanta abin da ake sayarwa da abincin gaggawa. Hujjarsa ita ce, idan kamfani ya ɗora wa ma'aikaci aikin mutum uku, sannan ya tura shi ajin numfashi, to ya mayar da laifin tsari ya zama laifin ma'aikaci. Ma'aikaciyar jinya da ke kwana a tsaye a Manchester, ko direban da ke sa'a goma sha huɗu a kan sitiyari a Jidda, ba sa buƙatar farfesa ya fassara musu wannan. Natsuwa ba ta biyan kuɗin haya.

To, ina matsayin mai addini?

Tambaya ce da mai karatu Musulmi ko Kirista zai yi, kuma tana kan hanya. A Amurka wasu iyaye Kiristoci sun sha ƙorafi kan shigar da horon makarantu, suna ganin addinin wasu ne aka sauya wa riga. Wasu mabiya Buddha kuma ƙorafinsu akasin haka ne: an ɗauki dabarar, an yar da tarbiyyar da ta zo da ita.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne, matsalar da horon ke magana a kanta ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Duk ɗalibin da ya buɗe Ahalari ya san tsawon babin rafkanwa, da hukunce-hukuncen ƙabli da ba'adi, waɗanda sun ginu ne a kan sanin cewa mutum na iya tsayuwa a sahu ya manta raka'a nawa ya yi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin kan halartar zuciya a salla, ya kuma ware babi guda ga muraƙaba da muhasaba, wato sa ido kan zuciya da yi wa kai hisabi.

Sai dai kamanni ba ya nufin abu ɗaya ne, kuma masu gaggawar cewa "ai duk ɗaya ne" ba su yi wa kowane ɓangare adalci ba. Khushu'i da muraƙaba suna da alƙibla: bawa ne a gaban Ubangijinsa. Abin da ake yi a asibiti ba shi da abin bauta, ba a kiran sunan kowa, ba a karanta komai. Numfashi ne da jiki da tunani. Wannan bambanci ne ke sa wasu su ga babu laifi, kamar yadda ba sa ganin laifin motsa jiki, wasu kuma su ce abin da ke cikin ibadarsu ya wadace su. Wanda ke shakka kan wani aji na musamman yana da damar ya tambayi abin da ake yi a ciki dalla-dalla kafin ya shiga, ya kuma kai wa malamin da ya amince da shi.

Daga sansanin Rhino

Ana yawan yi wa horon kallon abin masu hannu da shuni, kuma farashin wasu azuzuwan ya isa hujja. Amma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi jan hankali a Afirka aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na zama biyar, wanda halarto da hankali ke cikin ginshiƙansa, aka naɗi darussan a murya da Larabcin Juba. An gwada shi da mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a sansanin Rhino da ke arewacin Yuganda. Masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka yi wa gajeren horo, kuma ana tara mata ashirin zuwa talatin a lokaci guda. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna ƙuncin rai ya ragu a tsakanin waɗanda suka halarta, kuma an ci gaba da ganin ragin bayan wata uku, ko da yake ƙarfinsa ya ɗan sassauta.

A wannan shekarar, ana tsakiyar annobar korona, hukumar ta fitar da ɗan littafi mai hotuna daga cikin shirin, kyauta a shafinta na intanet, kuma akwai shi da Larabci da Faransanci. Darasinsa na farko an yi shi ne don lokacin da tunani ya taso wa mutum kamar hadari, kuma ba ya buƙatar rufe ido. Mutum ya lura da abin da yake ji a ransa. Ya sassauta numfashi, ya fitar da iska gaba ɗaya, ya bar huhu ya cika a hankali. Ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa. Sannan ya dubi inda yake: abubuwa biyar da idonsa ke gani, uku ko huɗu da kunnensa ke ji, abin da hancinsa ke shaƙa, abin da ke ƙarƙashin yatsunsa. Duka ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma littafin ya ba da shawarar a riƙa gwada shi a lokacin da babu hadarin, sau da yawa a yini, domin hannu ya saba kafin ranar buƙata.